Ƙwan Fitilar Cikin Mota

Talata, 16 ga Afrilu, da hantsi

Kubura, matata, ta buɗe ido. Ta sha rabin kofin shayi, ta tambayi inda takalminta yake. Alhamdu lillahi. Matar da likita ya ce mini shekaranjiya in dage mata da addu'a, yau takalmi take nema.

Ba a barin maza su daɗe a ɗakin mata, sai na dawo mota, ƙarƙashin dogon yaro a bakin asibitin nan na Jega. Tun Lahadi nan nake zama. Na yi wa Arɗo Labbo waya na ce rigakafin shanunsa sai wani lokaci. Ya ce shanu ba su gaggawa, in kula da iyali.

Baƙuwar, jaririyarmu, tana kwalbar bakwaini. Wata bakwai kawai ta yi a ciki. Na leƙa ta ta taga. Na sha karɓar haihuwar awaki a rugage, ban taɓa ganin abu mai rai ƙarami haka ba.

Talata, bayan la'asar

Na kishingiɗa a kujera, idona ya faɗa kan fitilar rufi. Ita ce ta mutu ranar Lahadi. Mun baro Maiyama bayan magariba, Inna Gudiya, mahaifiyar Kubura, tana riƙe da ita a baya. Inna ta ce, "Kunna hwitila in ga hannuna." Na danna, ta yi ƙyal ta ɗauke. Da tocilan wayata Inna ta ƙarasa tafiyar, ta cije wayar da haƙora don hannayenta biyu ba su da sarari.

Sauran ba zan rubuta ba.

Na ɓalle murfin da farce. Ƙwan dogo ne kamar fis, ya yi baƙi ƙirin daga ciki. Gobe zan saya sabo.

Laraba, 17 ga Afrilu, da azahar

An nemi ƙarin jini. Kafin in gama tunanin wanda zan kira, sai ga Yaya Tukur, wana, ya sauko daga mahauta da abokan sana'arsa biyu, ko wanka ba su yi ba. Sista Hauwa'u, mai kula da ɗakin, ta tambaye su ko suna tsoron allura. Yaya ya ce, "Sista, mu da ka kwana mu tashi cikin jini? Ɗiba, in kin cika jarka ki kawo wata." Aka auna, nasa ya dace. Ya fito yana layi, ya ce wai zafin rana ne.

Daga nan na shiga kasuwa wurin Lauwali mai kayan mota. Ya ce irin ƙwan nan na dā an daina yayinsa, yanzu LED ake sawa, ba ya zafi, ba ya shan batir. Na karɓa.

Na dawo na saka. Shiru. Na danna makunni hagu, na danna dama, na buɗe ƙofa, na rufe. Shiru. Ban san abin da ya same ni ba, sai na ji idona ya cika da ruwa a kan ƙwan fitila. Na kira Lauwali ina faɗa.

Ya bari na gama, ya ce, "Malam Dini, juya shi."

"In juya mi?"

"Ƙwan. Wanga ba irin na dā ba na, shina da kai da gindi. In wuta ba ta shiga ta hanyatta ba, ba ya kamawa. Hidda shi ka mai da kan gindi."

Na juya. Ya kama, fari fat, da rana tsaka ma ana ganinsa. Na zauna ina kallonsa kamar wanda aka yi wa albishir.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da safe

Kubura ta taka daga gado zuwa bakin ƙofa, tana dafe da ciki.

Alhamis, da yamma

Na kai Inna garinsu Mungadi ta ɗebo tufafi da gero. Hanyar duk gargada. Duk ramin da muka faɗa sai fitilar ta ƙyafta, don na bar ta a kunne in gwada ta. Da muka kusa gari Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Likita ya kira ka ɗakinai ran nan. Mi yac ce?"

Na ce, "Inna, an yi aikin da ya kamata a yi."

Ta ce, "Jam," wato lafiya da Fillanci. Ta gyara mayafi. Ba ta ƙara tambaya ba. Ina ganin ta sani. Tana bakin ƙofa lokacin da aka miƙo mini biro in sa hannu a takardar aikin.

Fitilar tana ta ƙyaftawa.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan masallaci

Na gano dalilin ƙyaftawar. Sabon ƙwan ya ɗan gaza tsohon tsawo, 'yan ƙarafan nan biyu da ke matse shi ba su kama shi sosai, yana rawa a tsakaninsu. Na ce bari in lanƙwaso su ciki. Na sa sukundireba, ban cire kan batir ba. Tartsatsi ya yi fat! Fitila ta mutu, rediyo ya mutu, agogon mota ya ɗauke.

Wani mai keke napep da ke jiran fasinja kusa da ni ya leƙo ya ce fis ne kawai. Muka buɗe akwatin ƙarƙashin sitiyari, muka yi ta ciro su muna ɗagawa sama muna dubawa, har muka sami wanda zarensa ya tsinke. Ya ce in naɗa masa waya a wuce wurin. Na ce a'a. Na taka har rumfar Lauwali na sayo mai launi ɗaya da lamba ɗaya da shi. Wannan karon na cire kan batir, na lanƙwasa ƙarafan da yatsa.

Komai ya dawo. Na jijjiga motar da ƙarfi, ba ta ƙyafta ba.

Sista ta ce baƙuwar ta karɓi nono ta roba, ɗan kaɗan, bai dawo ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da hantsi

An raɗa suna a gida Maiyama, ba taro. Liman, Yaya Tukur, maƙwabcina Malam Tamu da dattawan unguwa. Yaya ya yanka ragon da hannunsa. Ni dai na sunkuyar da kai, ɗiyar fari ce, ba a jin sunan daga bakina. A nan ma ba zan rubuta ba tukuna. Ba don kunya kaɗai ba.

Na kai wa Kubura hanta gasasshiya. Ta ci yanka uku, ta ce gishiri ya yi yawa. Na ji daɗin wannan ƙorafin.

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan magariba

Na kulle mota zan tafi salla, na waiwaya, sai na ga fitilar ba ta mutu duka ba. Ƙofofi a rufe, makulli a aljihuna, amma akwai wani ɗan haske a cikinta, dishi-dishi, kamar garwashin da toka ta rufe. Na buɗe na sake rufewa da ƙarfi. Yana nan.

In ta shanye batir fa? In aka ce a tafi Birnin Kebbi da gaggawa, na murɗa makulli motar ta ƙi?

Na cire ƙwan na sa a aljihu.

Talata, 23 ga Afrilu, da safe

Idon baƙuwar ya yi rawaya. Sun ce shawara ce.

Talata, da la'asar

Sun kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila shuɗiya, sun ɗaure mata ido da ƙyalle. Ba riga, ba komai. Haƙarƙarinta yana hawa yana sauka. Sista Hauwa'u ta ce bakwaini da yawa suna yin haka, hasken ne maganin. Ta ce, "Kai ba malamin dabbobi ba na? To ka san jiki shina da lokacinai. Tahi ka ci abinci."

Ban ci ba.

Kubura ta wuni kwance yau. Ta juya fuska bango.

Laraba, 24 ga Afrilu, da azahar

Ba canji.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da hantsi

Ba canji. Na kasa zama. Lauwali ya ce in ina son a duba mini wayarin da kyau, in je Aliero wurin Haliru rewaya, bayan rumfunan albasa. Na gaya wa Inna ba zan daɗe ba, wayata tana kunne.

Garin duk warin albasa, ana ta ɗura buhuna a manyan motoci. Haliru dattijo ne mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Na mai da ƙwan, muka rufe ƙofofi, ya lulluɓa tsumma a kansa ya leƙa ta gilashi kamar mai ɗaukar hoto na dā. Sannan ya ciro mitarsa ya auna a kan batir.

Ya ce, "Ba ta shan komi. Motar ga ko an kashe ta akwai 'yar wuta da ka bin wayar, ta ɗiga-ɗiga. Tsohon ƙwai ba ya ko jin ta. Shi wanga sabon, abu kaɗan ya ishe shi ya haska. In ka bar ta wata guda haka nan, za ta tashi."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ag gare ka asibiti?"

Ban gaya masa ina da kowa a asibiti ba. Ashe kwanon abinci da filas da tabarma ya gani a kujerar gaba. Na gaya masa kaɗan. Ya ce Allah ya tashi kafaɗunsu, ya ce autansa ma bakwaini ne, ga shi can yana lodin albasa, buhu guda yake saɓawa shi kaɗai. Ya nuna mini wani ƙato a bayan tirela. Na daɗe ina kallon mutumin.

Kafin in tafi na ce ko yana da ƙwan da haskensa ba fari mai shuɗi-shuɗi ba. Na ce ba na son wannan launin yanzu. Bai tambayi dalili ba. Ya zazzage gwangwani ya ɗauko wani mai haske ruwan ƙwai, tsawonsa daidai da tsohon, ya ce wannan akwai ɗan abin da aka sa masa a ciki mai shanye ɗigon wutar. Muka saka. Bai kama ba. Na ce, "Juya shi." Ya yi dariya ya ce ashe na yi karatu.

Aka rufe ƙofa, ya mutu murus.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Rawayar ta fara sauka. Sista da kanta ta fito har gindin bishiya ta gaya mini.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

An kashe shuɗiyar fitila, an kwance mata ido. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Na ci tuwo malmala biyu a tasha, na ƙara da fura. Mai tuwon ta ce ko daga noma nake.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da yamma

Inna ta tafi wanki, aka bar ni da Kubura. Labulen gadon a ja. Tana ta wasa da bakin zanenta.

Ta ce, "Malam, bar wahal da kanka. Na sani an hidda min mahaihwa. Sista ta hwaɗa min tun Talata."

Kwana da kwanaki ina shirya maganar a mota, na jera ta, na rushe, na sake jerawa. Duk ta gudu.

Ta ce, "Ke nan ita ɗai ta."

Na ce, "Ita da ke. Biyu ke nan. Ran nan a hanya ko ɗaya ban sa rai ba."

Ta yi kuka, ba mai sauti ba. Na riƙe hannunta, inda allurar ruwa ta bar tabo. Da ta gama ta share fuska ta ce, "Inna ta ce kullum kana cikin mota kana tonon rufi kamar ɓera. Mi kaka nema?"

Na ce fitila nake gyarawa.

"Sati biyu? Hwitila guda?"

Ta yi dariya har ta dafe ɗinkin tana cewa in bari, in bari, zai ɓalle.

Talata, 30 ga Afrilu, da hantsi

Saura abu ɗaya. In na buɗe ƙofar direba fitila tana kamawa, ta gefen fasinja ma haka. Ƙofar baya ta dama ce ban gwada ba. Tun daren da muka kawo Kubura ban taɓa ta ba. Matar Yaya Tukur ce ta wanke kujerar washegari, ta shanya ta a rana, ta shimfiɗa tsohon bargo a kai. Ko kaya zan sa, ta ɗaya gefen nake zagayawa.

Yau na tsaya a gabanta, na yi bisimilla, na ja.

Ba komai. Bargo ne da ƙamshin sabulu. Ɗankunnen Kubura ɗaya a lungun kujera.

Fitilar kuwa ba ta kama ba. Na duƙa na duba ɗan maɓallin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, wanda ƙofa ke dannewa in an rufe. Ya maƙale a ciki. Ruwan wankin ne ya shiga ya yi tsatsa. Na kwance sukurun, na goge bakin ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, na ɗiga masa mai, na mayar. Na danna da yatsa, ta mutu. Na saki, ta kama. Na yi ta yi kamar yaro.

Sannan na shiga na zauna a wurin. Na daɗe. Ba abin da ya faru, sai zufa.

Laraba, 1 ga Mayu, da azahar

An fara fito da ita daga kwalba ana ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, a ɗaure da zane. Sun ce ɗumin jiki ya fi na'ura.

Juma'a, 3 ga Mayu, da safe

Kubura ta tashi da zazzaɓi. An auna jini, na sauro ne. Ban taɓa murna da zazzaɓin sauro ba sai yau.

Juma'a, bayan la'asar

Abin da ya faru yau, in Yaya Tukur ya ji na shiga uku.

Saboda zazzaɓin, Sista ta ce Kubura ta huta, amma yarinya ba za ta rasa ɗumi ba. Inna ta miƙa hannu. Sista ta ce Inna tana tari, ba ita ba. Sai ta juyo ta ce, "Kai, uban. Tuɓe riga."

Na ce, "Sista, surukata hwa tana nan."

Ta ce, "Ɗiyar ba ta san suruka ba, sanyi ta sani. Tuɓe."

Inna ta miƙe tsam, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce za ta duba ko wankinta ya bushe. Wankin da ta kwashe tun safe.

Aka kai ni wani ɗan ɗaki, aka zaunar da ni, aka ɗora mini ita, aka ɗaure da zanen Kubura. Ba nauyi, kamar an ɗora mini 'yar tsako. Kanta a ƙarƙashin haɓata. Na ji zuciyarta tana bugawa da sauri a kan tawa. Na kasa motsi, har numfashi nake yi a hankali. Can ta buɗe hannu ta kama gashin ƙirjina ta ja. Da zafi. Yatsun da ba su kai tsinken ashana ba, amma da zafi.

Aliya. Sunanta Aliya.

Lahadi, 5 ga Mayu, da yamma

Zazzaɓi ya sauka. Aliya ta kama nono da bakinta. Sikeli ya ce ta ƙaru.

Yaya ya ji labarin. Ya zo da balangu a takarda, ya tsaya daga nesa yana ƙare mini kallo, ya ce, "Dini, an ce kai ma ka hwara shayarwa. In aiko maka da kunun kanwa?"

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Likita ya ce Alhamis, in Allah ya yarda. Ya jero sharuɗɗa: ba 'yan barka su yi ta karɓarta hannu-hannu, ba hayaƙi a ɗaki, ba ruwan zafin da ya wuce ƙima ga mai jego saboda ɗinki, a dawo awo duk mako. Inna ta saurara duka, ta ce na hana 'yan barka ita za ta ji da shi, a bar ta da matan Maiyama.

Na wanke mota ciki da waje. Na duba mai, na duba ruwa, na ƙara iska a taya. Na buɗe ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk tana kamawa, duk tana mutuwa.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan azahar

Mun iso gida.

Da safe muka fito don kada rana ta yi zafi. Kubura a baya da Aliya ɗaure a ƙirji, Inna kusa da ita da ƙullin kaya a cinya. Sista Hauwa'u ta rako mu har bakin mota, ta ce kada ta sake ganinmu sai ranar awo.

Na ɗauki hanyar Maiyama a giya ta biyu. Duk rami sai na tsaya cak na lallaɓa na zagaye shi. Motoci suna ta yi mini ham suna wucewa, babura suna wucewa. Ban kula ba. Bayan mun fita gari wani tsoho a kan keke, da damin kara a baya, ya zo ya jera da mu, ya leƙo ya ce, "Sannu direba, ta lalace ta?" Ya taka ya bar mu.

Kubura ta ce, "Malam, in haka za mu tahi, sai ɗiyar ga ta yi haƙora kahin mu kai."

Inna, wadda tunda na auri 'yarta ba ta taɓa dariya a gabana ba, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na sa giya ta uku.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Na fito masallaci bayan asuba, Malam Tamu maƙwabcina ya tare ni a bakin zaure, idonsa jajir. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da namu.

Ya ce, "Malam Dini, don Allah wadda anka ce bakwaini ta, ita ta ka wanga ihu? Kwana biyu ban runtsa ba. Ko an musanya muku ita asibiti?"

Na ba shi haƙuri sosai, na ce za mu san yadda za a yi.

Muna tsaye ta sake ɓarkewa daga ciki, har kajin tsakar gida suka watse. Malam Tamu ya kama kai ya shige gidansa. Ni kuwa na jingina da bango na saurara har ta gama.